Tambayar da Na Yi wa Surukina a Gaban Jamarik

A Rufa'a, wani gari a Sudan, lorin ya sauke mu, ƙafafuna a kumbure, leɓɓana a tsattsage, ba ni da komai sai jaka ɗaya da birgina, ragar da nake jefawa in kama kifi, a cikinta. Sunana Garba, Basarke ne ni, masunci na gado, daga ƙasar Yawuri, a cikin jirgi na buɗe ido. Abin da ya fitar da ni daga gida labari ne da matafiya ke kawowa, wai a Sudan, can wajen Rusairis, akwai tafkin da kifinsa ya fi ƙarfin masunta. Birgin nan da hannuna na saƙa shi, darmar da ke bakinsa kuwa ta mahaifina ce. Duk tsawon hanya da shi nake matashin kai.

Ina tsaye a bakin kasuwa ina raba ido, Larabci na ta zuba a kaina ba na tsintar ko kalma, sai na ji an ce, "Sannu da hanya, ɗan'uwa." Allah Sarki! Wanda bai taɓa daɗewa bai ji harshen uwarsa ba, ba zai gane abin da na ji ba. Wani dogo ne mai farar jallabiya, ya ce sunansa Sale. Ya ce Rusairis da sauran tafiya, amma ya san direban da zai tashi da la'asar. "Ajiye jakarka nan shagona, ka gangara kogi ka yi wanka, kada ka shiga mota kamar wanda aka tono." Na yi dariya, na ajiye, na gangara.

Da na dawo, babu Sale, babu jaka. Ashe shagon ma ba nasa ba ne, inuwarsa kawai ya ara. Ni mutum ne mai saurin hawa, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Na sunkuci bencin da ke ƙofar shagon zan rotsa, mutane suka taru, sai wata tsohuwa mai sayar da godogodo ta kama gefen rigata.

"Ajiye bencin mutane," ta ce da Hausa. "Zauna ka sha tukuna, in ka ƙoshi ka ci gaba da fushin."

Godogodo ɗan'uwan furarmu ne. Na sha ina hawaye, wallahi ba don jakar ba, don darmar mahaifina. Ta tambayi garinmu, na faɗa mata. Ta ce kakanta daga ƙasar Sakkwato ya taso da ƙafa, bai koma ba, su ma ba wanda ya taɓa zuwa. "Wai da gaske can kowa Hausa yake ji, har 'yan sanda?" Na ce har 'yan sanda. Ta girgiza kai tana mamaki. Ba ta karɓi ko sisi ba, ta kuma haɗa ni da wani mai karo, wato amalanken jaki, ya kai ni ƙauyen ƙanenta a tsallaken kogi, inda ake neman masu cirar auduga.

Kai, ka ga Basarke yana cirar auduga! Ƙasar Jazira shimfiɗe take, ba tudu ba kwari, an yanka ta gida-gida, kowane manomi da hawasharsa, gonar da aka ba shi ya riƙe. Ruwa na bin magudanai a miƙe sambal, in na leƙa ba na ganin abin kirki sai kwaɗi. Bayana ya sage, yatsuna suka farfashe. Ƙauyen na Hausawa ne, amma yaransu da Larabci suke faɗa da Larabci suke shiri, in na yi magana sai su bushe da dariya, wai irin ta kakanninsu nake yi. Abin da ya fi cin raina shi ne in rana ta yi sanyi na ji dakan mata. Sautin taɓarya iri ɗaya ne da na gidanmu, sai in ga kamar in na zagaya katanga zan tarar da innata. Na yi kewar gida har na rame.

Da zazzaɓi ya kayar da ni, matar mai hawashar da nake wa aiki ta lura kisra, wannan wainar tasu mai tsami mai kama da takarda, ba ta wuce min wuya. Ta aika aka nemo kuka, ta tuƙa min tuwon dawa mai laushi. Ta ajiye a ƙofar rumfa ta juya. Da na tashi na sayi zare, kullum in an tashi daga gona in zauna in yi ta saƙa. Ranar da na ɗaure bakin sabon birgi, washegari na yi musu sallama na nufi kudu.

Tafkin Rusairis ba ƙarya aka yi mana ba, sai dai ba a gaya mana halinsa ba. Daji ne ruwa ya cinye, busassun itatuwa na tsaye a ciki, wasu kansu a waje, wasu a ɓoye suna jiran cikin jirgi. In iska ta taso daga gabas, mai tura jirgi da sanda sai addu'a. A wani ƙauyen masunta na sauka, Hausawa zalla, aka nuna min gidan Baba Sanda, wai shi ba ya mayar da baƙo.

Baba Sanda baduku ne, kube da laya da linzami yake ɗinkawa. Dogon tsoho ne marar yawan magana. Duk ƙauyen an san shi da abu guda: ba ya ƙarya, ba kuma ya ƙari. Abin da ka tambaya shi zai amsa, ya ja bakinsa. Ya ba ni zaurensa, muna ci a akushi ɗaya, yana kirana Ɗan Yawuri. Ina bin jiragen mutane muna raba kamu. 'Yarsa Kulu ita ke yin bandar kifi a bayan gidan, kuma ita ce mutum ta farko da ta ce min giwan ruwan da na kamo na wulaƙanta shi wajen fiɗa. Na ce a Yawuri haka ake yi. Ta ce to a Yawuri ana asara. Daga wannan gardamar har aka kai ga ɗaurin aure.

Ranar da aka shafa fatiha, ranar na rasa abokin cin tuwona. Baba Sanda ya zama surukina. Na bar zaure na koma ɗakin da ke bayan gidan, na fasa wata ƙofa ta daban don kada mu yi karo. In na hango shi a hanya, in tuɓe takalmi in durƙusa, idona a ƙasa, har ya wuce. Ba na cin abinci inda zai gan ni, ba na ambatar sunansa, ba na tambayarsa ko da hanyar kasuwa ce. In da magana, Kulu ke kaiwa ta kawo. Mutanen nan sun riƙe kunya fiye da yadda muka riƙe ta a gida, ina jin don ita ce kayan da kakanninsu suka iya ɗaukowa ba ta yi musu nauyi a hanya ba.

Akwai wata kunyar kuma a gidan, wadda ta fi tawa zurfi. Kulu tana da wa, shi ne ɗan farin Baba. Kowa ya san uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Kulu ta ce tun tasowarta ba ta taɓa jin sunan a bakin mahaifinta ba, sai dai "wancan" ko "kai". Yayan nata masunci ne, shi ya fara sayen injin jirgi a ƙauyen. Wata damina iska ta kifar da shi a cikin itatuwan nan. Aka tsamo injin, daga baya aka tsamo shi. Baba ya sa aka fitar da injin daga ƙauyen aka sayar can kudu, tun daga nan ko "wancan" ɗin bai sake cewa ba. Ita ma Kulu "Yaya" kawai take cewa, da murya ƙasa-ƙasa.

Da Kulu ta samu ciki na ga bin jirgin mutane ba zai riƙe gida ba. Na harhaɗa jirgi na katako, saura inji. Na yi ta yawo, duk wanda na taya ya fi ƙarfina, sai a wani sansanin masunta can kudu, hanyar iyakar Habasha, na tarar da wani tsohon inji a rumfar mai gyara. Na ja igiya ya tashi, muryarsa garau. Mai gyaran ya dube ni ya ce, "Kai ne mijin 'yar Baba Sanda? To ka sani, wannan na ɗansa ne." Na tambayi takardarsa, ya ce takarda tana cikin tafki tare da aljihun mai ita.

Na dawo na gaya wa Kulu. Ta yi kuka mai isarta, ta share fuska, ta ce, "Sayo shi, Malam. Gara ya ciyar da gidan nan da ya ruɓe a hannun bare. Amma don Allah kada Baba ya gane."

To ga dabarar da muka yi, mu a ganinmu ladabi ne. Na sayi shuɗin fenti na shafe injin tas, har ƙarfen da lambarsa ke jiki, ya fito fes kamar daga kwali. Na naɗe shi a buhuna, na ɗora a karo, na biyo ta hanyar bayan gari da sassafe, lokacin da nake zaton Baba yana masallaci yana lazimi. Muna shan kwana sai ga shi tsaye a gindin dalbejiya. Na diro na durƙusa. Ya dubi karon, ya dubi buhunan, ya wuce. Bayan nan na lura da abu ɗaya: duk safiyar da na tayar da injin a bakin ruwa, Baba yakan tattara fatunsa daga ƙofar gida ya shige ciki. Na ce wa kaina ƙarar ce ba ya so.

Injin ya yi mana rana. Ina kaiwa tsakiyar tafki inda manyan ke kwana, Kulu ta ƙara tukunyar banda, har na fara aika wa innata ɗan abin sayen goro. Ana nan sai wata rana ma'aikatan jamarik, su ne kwastan a can, suka sauka a bakin ruwanmu. An ce injuna na shigowa ta iyakar Habasha ba a biya musu haraji ba. Mai takarda ya nuna a bar masa, marar takarda a ɗora nasa a mota. Da suka zo kan nawa, ɗaya ya shafa fentin ya kira ɗan'uwansa. Sabo fil, lamba a rufe, mai shi baƙo. Na yi ta rantsuwa da guntun Larabcina, ba wanda ya saurare ni. Na garzaya sansanin kudu neman mai gyara, aka ce tun da ya ji motar jamarik ya cika wandonsa da iska.

Aka kira ni ofishinsu a cikin gari. Zabit, hafsan da ke yanke hukunci a irin wannan shari'a, mutum ne mai furfura a gefen kai, ba mai tsawa ba. Ya ce sun je gidan da nake zaune sun ɗauki shaidar dattijon gidan, mutumin da duk ƙauye ya ce ba ya ƙarya. Ya karanta min. An tambaye shi ko ya ga shigowar injin, ya ce ya gani. Ta wace hanya? Ta kudu, ta bayan gari. A buɗe ko a rufe? A naɗe cikin buhuna. Da wane lokaci? Kafin gari ya gama wayewa. Shi ke nan.

Ko kalma ɗaya babu ƙarya a ciki, kuma kowace kalma igiya ce a wuyana. Zabit ya ce in ba ni da abin da zai rushe wannan, za a ƙwace injin a rubuta ni ɗan fasa-ƙwauri. Baƙon da aka rubuta haka kuwa takardar zamansa ta mutu, sai a raka shi iyaka. Na ce matata ta san injin na wanta ne. Ya ce shaidar mace a kan mijinta ba za ta ɗaga ta dattijon da ba shi da riba a maganar ba. Ya sa min ranar dawowa. Na fito ina tunanin Kulu da ke gida da tsohon ciki.

Kulu ta gwada. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce, "Baba, maganar injin nan…" Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce, "Abin da suka tambaye ni na gaya musu." Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, alhali lokacin salla bai yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Kulu tsohon nan so yake a kore ni. Ta ce, "Haba Malam. Ka san abin da za a ce ya faɗa kuwa?" Na kuwa sani.

Akwai wata mata da ke sayen banda wajen Kulu, ana ce mata Ustaza Amina, lauya ce a cikin gari. Kakarta 'yar ƙauyenmu ce, Hausarta a karye amma tana fita. Ta zo sayen kifi ta tarar da gida kamar an yi mutuwa. Da ta ji labarin ta ce, "An ba ka dama ka tambayi mai shaida?" Na ce wace irin tambaya, ai an riga an rubuta. Ta ce, "La', a'a. Takarda ba ta amsa tambaya. Duk wanda za a hukunta ka da maganarsa, haƙƙinka ne a kawo shi gabanka ka tambaye shi. Su sun tambayi abin da suke nema. Kai ma kana da naka." Ta ce in na yarda za ta rubuta buƙatar, in ma na ga dama ita za ta yi tambayar a madadina.

Na ce, "Ustaza, surukina ne."

Ta ce ta sani. Na ce ba ta sani ba. Ni da ban taɓa tambayarsa ko ya kwana lafiya ido cikin ido ba, in tsayar da shi gaban hukuma in tono masa kabarin ɗansa? Gara a kai ni iyaka. Sai Kulu, wadda ke jingine da bango tana jin mu, ta ce, "In aka kai ka iyaka, wa zai yi wa abin da ke cikin nan huɗuba?" Ta juya ga Ustaza. "Ke kuma in kika tambaye shi, zai ce miki Allah ne masani, ya rufe baki. Baba ba zai buɗe wannan wa bare ba. In zai buɗu, sai dai ga wanda ya ci tuwo da shi."

Na ce a rubuta. Zabit ya ɗan ja, ya ce bai saba tayar da tsoho daga ƙauye a kan abin da aka riga aka rubuta ba. Ustaza ta tsaya a kan bakanta, ya duba dokarsu, ya sa hannu.

Ranar zaman, mota ɗaya muka shiga, Baba a gaba ni a can baya. Ɗakin ƙarami ne, fanka na juyawa, injina na kwance a kan tebur da shuɗin fentinsa. Aka rantsar da Baba aka ba shi kujera. Ni na tuɓe takalmi na durƙusa a ƙasa, na juya gefe ina kallon bango. Ustaza ke fassara wa zabit.

Na ce, "Baba, ina neman gafara."

Ya ce, "Yi abin da ya kawo ka."

Zabit ya ce mai tambaya ya tashi ya fuskanci mai shaida, haka tsarin yake. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na miƙe, na ɗaga ido. Rabona da fuskar Baba tun kafin aurena. Ashe ya tsufa haka! Kumatunsa sun zurma, idonsa na hagu ya yi fari da yana, ni ina gida ɗaya da shi ban sani ba.

"Baba, injin nan, ranar da ka gan shi a kan karo, ranar ka fara ganinsa?"

Ya ce, "A'a."

"Yaushe ka fara ganinsa?"

"Da daɗewa. Kafin ka zo ƙasar nan."

"A hannun wa?"

Ya dubi hannayensa. "A hannun wani yaro."

"Yaron ina, Baba?"

"Na gidana."

Zabit ya gyara zama. Ya ce yaya aka yi ya gane inji a cikin buhu, da fenti a kansa? Baba ya ce a buhu bai gane ba, zato ya yi. Washegari da aka tayar da shi ya ji muryarsa. "Ku buɗe murfin. Ta hagu, ƙarƙashin wayoyi, akwai laya. Jar fata ce, ɗinki biyu a bakinta. Ni na ɗinka, ni na ɗaura, ranar da aka kawo shi daga shago a garin Damazin da takardarsa."

Na san da layar, na sha ganinta in ina gyara, baƙa ƙirin da mai, ban taɓa ta ba, ban kuma san hannun da ya yi ta ba. Aka buɗe. Zabit da kansa ya kankare ta da farce, jan ya fito. Ya juya ta ya ga ɗinkin. Ya ce, "Ya Hajj, me ya hana ka faɗi wannan tun farko?"

"Ba ku tambaye ni ba."

Zabit ya jawo alƙalami. Ya ce saura abu ɗaya, sunan mai injin na farko, don a bincika a shagon. Ustaza ta yi sauri za ta faɗa, ya ɗaga mata hannu, ya ce daga bakin mai shaida ake so. Na ga leɓen Baba yana motsi ba sauti. Nan zuciyata ta hau. Na buga tebur na ce, "Ranka ya daɗe, ku riƙe injin! Ku kai ni iyakar! A bar tsohon nan haka!" Ustaza ba ta ma fassara ba, zabit ya gane.

Baba ya ɗaga hannu. "Zauna," ya ce min. Na zauna a ƙasa.

Ya juya ga zabit, ya gyara hularsa, ya ce, "Usmanu." Ya numfasa. "Usmanu, ɗana. Na fari."

Ya faɗe shi a hankali, kamar mai taka ƙafar da ta daɗe a ɗaure. Hawaye ya gangaro ta idon nan mai yana, bai share ba. Zabit ya rubuta, ya ajiye alƙalami, ya tashi tsaye har Baba ya fita.

Hukunci bai fito ranar ba. Sai da suka kankare fentina suka ga lambar, suka aika shagon, sannan aka kira ni na ɗauki injina. Zabit ya ce in ƙara shafa wa abin hukuma fenti in gani. Na dawo da shi ta babbar hanya, a buɗe, da rana tsaka. Amma ban yi murna ba. Baba ya daina zama a ƙofar gida, fatunsa suka bushe a rataye, abinci kaɗan yake taɓawa. Kullum in na kwanta sai in ce na ci shari'a na kashe tsoho. Na fi jin zafin wannan a kan duk abin da na sha tun daga Rufa'a.

Kulu ta sauka lafiya, namiji. Ana gobe suna ina bayan gidan ina ɗaure rago, sai na ji an ce, "Ɗan Yawuri." Rabon da in ji wannan kiran tun ina kwana a zaure. Na saki igiya na durƙusa. Baba ne tsaye a ƙofar da na fasa don gudunsa.

Ya ce, "Ka tambaye ni, na amsa. Ni ma ina da tambaya ɗaya."

"Ina ji, Baba."

"Ka zaɓa wa yaron suna?"

"A'a, Baba."

"To, ina da shi."

Washegari aka raɗa wa yaron sunan kawunsa marigayi. Yanzu ya fara gudu. Jika abokin wasan kakansa ne, ba kunya a tsakaninsu, don haka tun daga asuba har magariba sunan nan ke tashi a gidanmu da muryar Baba. Yana kiransa ya zo ya ci, yana kiransa ya sauko daga katanga, yana kiransa ɓarawon fata, wani lokacin ma ba dalili, kiran kawai yake yi. Da safe yakan saɓo shi a kafaɗa har bakin ruwa, su tsaya ina jan igiyar injin, in ya tashi Baba ba ya komawa ciki.

Ni kuwa tun ranar suna bakina ya rufe a kansa. Wanda na rubuta a sama na marigayi ne, shi ya sa hannuna ya iya. Wannan ɗan farina ne. In zan tura jirgi, sai in ce wa Kulu ta kula da wancan kada ya matso ruwa.